RANAR DA SOJA SUKA FITO DAGA BARIKI



Kwanakin baya muna zaune a wani gidan suna a unguwarmu, ana ta hirar masu ƙwacen waya da suka addabi jama'a. Wannan ta ce an tare ƙaninta, waccan ta ce ita yanzu ba ta yarda Magariba ta yi mata a waje. Sai wata yarinya, amarya ce ko lallen ƙafarta bai gama gogewa ba, ta tafa hannu ta ce, "Ni wallahi da ni ce gwamna soja kawai zan turo, kwana ɗaya sun gama da su." Mata suka ɗauka, kowa tana cewa ƙwarai kuwa. Ni dai na yi shiru ina tauna gorona, domin na taɓa ganin ranar da aka turo soja cikin garin Kano, na san abin da ake nufi da wannan magana. Kuma gwamnan da take fata ta zama, shi ma ba shi da ikon turo su. Da na dawo gida abin ya yi ta cin raina, shi ne na ce bari in rubuta, ko waɗanda ba a haifa ba a lokacin sa san yadda aka yi.

Shekarar 1980 ce, ina da shekara goma sha biyu, muna zaune a Fagge. Shehu Shagari ne shugaban ƙasa, Abubakar Rimi gwamnan Kano, mulkin farar hula bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni da dawowa ba. A unguwar 'Yan Awaki, wadda ba ta da wani nisa da mu, akwai wani mutum mai suna Muhammadu Marwa, asalinsa mutumin Kamaru ne. Ba kowa ya san sunan nan nasa ba, Maitatsine ake ce masa, saboda ba ya wa'azi ya tashi bai tsine wa mutane ba. Mai agogo, mai rediyo, mai keke, mai mota, duk bai bar su ba. Malaman gari kaf sun yi tir da karatunsa. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1962 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya sa aka kore shi daga ƙasar, bayan 'yan shekaru ya sulalo ya dawo. An taɓa ɗaure shi, ya fito ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ki riƙe wannan da kyau 'yar uwa, don nan ne farkon ɓarnar. Shekara da shekaru mutumin nan yana tara samari, yawancinsu 'yan ci-rani da gardawa da suka baro ƙauyuka ba su da kowa a birni. Ya ci gidajen maƙwabta, ya yi gine-gine ba izini, ya tare hanya, har ta kai mutumin unguwa ba ya iya wucewa ta ƙofar gidansa cikin kwanciyar hankali. Mutane sun kai ƙara har sun gaji. Wannan kuwa duk aikin hukuma ne na yau da kullum, aikin mai unguwa da alƙali da ɗan sanda, ba abin da ya kai a kira mai igwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, aka bar wannan ya bushe ya yi ƙaya.

Ranar 26 ga Nuwamba gwamna ya rubuta masa takarda, ya ba shi mako biyu ya rushe gine-ginen ya tashi. Maimakon ya tashi, sai ya aika wa mabiyansa na garuruwa su zo. Muna gani da idonmu baƙin fuskoki suna ta shigowa, ɗauke da buhunansu da 'yan sandunansu, ba mai ce musu kanzil.

Ranar Alhamis 18 ga Disamba abin ya fashe a filin Shahuci. 'Yan sanda sun je hana su wa'azi, su kuwa suka far musu da adduna da wuƙaƙe da kwari da baka. Aka kashe 'yan sanda, aka ƙone motocinsu, aka ƙwace bindigogi. Kafin yamma labari ya cika gari cewa wai harsashi ba ya cin mutanen nan. Ke kin san Kano da jita-jita, kafin magana ta je Ƙofar Mata ta dawo ta yi 'ya'ya ta yi jikoki. Amma wannan jita-jitar ta yi ɓarna ba kaɗan ba, don ta karya zuciyar masu kaki, ta kuma ƙara wa yaran nan ƙarfin gwiwa. Aka kawo 'yan sandan kwantar da tarzoma daga wasu jihohi, suka harba barkonon tsohuwa, suka harba harsashi, abin sai gaba yake yi. Suka bazu daga 'Yan Awaki zuwa Ƙofar Wambai da Fagge, duk wanda suka kama ya shiga uku.

Mu kwana uku muka yi a kulle. Sanyin hunturu ga hazo, ba mai garuwa, ba cefane, itacen girki ya ƙare har Inna ta fasa wata tsohuwar kujerar tsuguno ta hura wuta da ita. A kwana na huɗu Baba ya ce mu fita, mu tafi Kurna gidan Gwaggo, shi zai tsaya ya ga abin da hali zai yi. Inna ta yi kuka ta yi magiya, ya ce ba zai bar gida ba kowa ba.

A nan sai in ba ki labarin almajirinmu. Akwai wani yaro da yake yi wa Inna aike da ɗebo ruwa, bai fi sa'ana ba, malaminsa ya gudu da sauran yara ranar da abin ya fara, shi ya maƙale a zaurenmu. To a kwanakin nan zama almajiri a Kano ya zama laifi. 'Yan tauri da samarin unguwanni sun fito kare kansu, abin a yaba musu ne, don ba don su ba da ɓarnar ta fi haka. Sai dai kuma idan jini ya hau, ido ba ya tantancewa. Duk wanda aka gani baƙo, da yagaggiyar riga da ƙoƙon bara, sai a ce ɗan tatsine ne, kafin ya buɗe baki an gama da shi. Bayin Allah da yawa sun tafi a haka ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Inna ta dubi yaron nan ta ce ba ta barinsa. Ta ɗauko kayan makarantar Yayana, riga da gajeren wando, ta sa masa, ta wanke masa ƙafa ta shafe da man gyaɗa don kaushin ya ɓoyu, ta jefa ƙoƙonsa bayan randa, ta ɗora masa ƙullin kayanmu a ka. A hanya sau biyu ana tare mu. Na biyun wani mai gora ya nuna shi ya ce, "Hajiya wannan fa?" Inna ko gezau, ta ce, "Ɗana ne, ko kana da magana?" Ni kuwa ƙafafuna rawa suke kamar mazari.

Hanyar Kurna ta gaban barikin Bukavu take bi. Muka iso muka ga soja a bakin ƙofa, tsaf da su, bindiga a kafaɗa, ga motoci a jere a ciki. Daga nan in kin waiwaya kina hango hayaƙin Fagge. Inna ta tsaya ta sauke numfashi ta ce, "Oh ni 'yasu! Ga su nan fa a tsaye, gari yana ci da wuta." Wannan tambaya ita ce a bakin kowa a Kano a makon nan, me soja suke jira?

Wanda ya fara warware mana ita mijin Gwaggo ne, tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa ya dawo da ɗingishi. Da Inna ta faɗi maganar a tsakar gida, sai ya ce, "Ke dai ki yi addu'a. Soja ba ya fita don ya ga hayaƙi, sai an ba shi oda, odar nan kuwa daga Legas take zuwa. Kuma ki sani, ɗan sanda an koya masa ya kama mutum ya kai shi gaban alƙali. Mu ba a koya mana kamu ba. Ranar da muka shiga unguwa, ba ma tambayar gidan wa ye wannan." Inna ta ce ita dai ko mene ne su zo. Ya ce, "Za su zo, za ki kuma gani."

Sai da na girma na yi ɗan karatuna na gane abin da tsohon nan yake faɗa a dunƙule. A tsarin ƙasarmu, tsaron cikin gida aikin 'yan sanda ne. Aikin soja shi ne kare ƙasa daga abokan gaba na waje da tsare iyakokinta. Amma tsarin mulki ya bar wata ƙofa guda: idan tarzoma ta fi ƙarfin hukuma, soja suna iya fitowa su taimaka wa mahukuntan farar hula a maido da zaman lafiya, da sharaɗin shugaban ƙasa ne ya kira su, kuma bisa ƙa'idojin da Majalisar Tarayya ta shimfiɗa. Haka yake a tsarin mulkin 1979 da ake aiki da shi a lokacin, haka kuma yake a na 1999, sashe na 217. Ki lura da kalmar, taimako aka ce. Kamar maƙwabciya ce da kika kira ta kama miki aiki ranar da girkin biki ya fi ƙarfinki, ta zo ta tuƙa tuwo ta kwashe ta koma gidanta. Ba a ce ta karɓe miki ɗaki da miji ba.

Su kansu 'yan sandan ba na gwamna ba ne. A da can kowace En'e tana da 'yan dokarta, masu sanin lungu da saƙo, sun san ɗan wane da jikan wane. Zamanin Gowon aka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. Saboda haka a 1980 kwamishinan 'yan sandan Kano, gwamna zai iya ba shi umarni, amma shi kuma yana da damar cewa sai ya ji daga sama tukuna. Ga shi kuwa gwamna ɗan PRP ne, shugaban ƙasa ɗan NPN, ba a ga maciji tsakanin jam'iyyun nan biyu. Bayan ƙura ta lafa kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya laifi, mutanen gwamna suna cewa ba a ba shi ƙarfin da ya nema da wuri ba, 'yan adawa suna cewa shi ya yi sake tun farko. Ni ba alƙaliya ba ce a wannan shari'a. Abin da na sani, kwana goma cur aka yi ana kashe mutane, takardu suna kai da kawowa tsakanin Kano da Legas, bariki kuwa yana nan kusa da mu, tafiyar ƙafa.

Amma kada ki yi saurin cewa ai da sun fito da kansu kawai. Na daɗe ina juya wannan a raina. A ce kowane kwamandan bariki in ya hango hayaƙi sai ya kwaso yaransa ya shigo gari ba da izinin kowa ba, yau ya fito don Maitatsine mun yi masa guɗa, gobe kuma don wa zai fito? Wa zai ce masa ya isa haka, koma? Tsayuwar nan da suka yi a bakin ƙofa, wadda ta ƙona wa Inna rai, ita ce ladabin aikinsu. Laifin jinkiri yana wuyan masu alƙalami da ya kamata su kira su, tun da suka ga hula ta fi ƙarfin kai.

Ranar Lahadi 28 ga wata oda ta zo. Muna Kurna muka fara jin wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, dum, dum, har kwanukan jeren Gwaggo suna kaɗawa a kabad. Mijinta ya ɗaga kai ya ce, "Igwa ce." Jiragen sojan sama suna ta shawagi a kan birni. Mata suka fito ƙofar gida, wasu na guɗa wasu na kuka, mu namu kukan biyu ne, don Baba yana can. Abin da ya gagari 'yan sanda kwana goma, soja suka gama shi kafin ranar Litinin ta faɗi. Shi Maitatsine an ji masa rauni, ya mutu a hannun mabiyansa suna gudu, suka binne shi a bayan gari. Hukuma ta tono gawar don mutane su tabbata ya mutu, daga baya aka ƙone ta.

Wallahi na yi murna, kuma har gobe ina cewa Allah ya saka wa waɗanda suka shiga wutar nan da alheri, don a cikinsu ma akwai waɗanda ba su koma wa matansu ba. In da ba su zo ba, ban san inda Kano za ta kwana ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sai dai takobin yana yanka hannu, wannan kuma sai da muka koma gida na gani.

Baba mun same shi da rai, ya rame kamar wanda ya yi jinyar wata guda, kwana biyu ya yi a ƙarƙashin gado da butar ruwa. Amma 'Yan Awaki ba ta ganuwa. Harsashin igwa ba ya karanta sunan mai gida, inda ya faɗa nan ya faɗa. Gidajen mutanen da su ne suka fara kai ƙarar Maitatsine, waɗanda ya ƙwace ya cusa yaransa a ciki, su ne suka zama kufai. Akwai mata da yara da aka tsare a cikin unguwar ba su sami hanyar fita ba. Ga wari, ba zan kwatanta miki shi ba, don wata ƙila kina cin abinci. Motoci suna ta kwasar gawa ana kaiwa rami guda. Watanni bayan nan in na ji an buga ƙofa da ƙarfi sai cikina ya ɗuri ruwa.

Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai shari'a Anthony Aniagolu, ya zauna ya saurari shaidu, ya ce mutum 4,177 ne suka mutu. Ki sake karanta lambar nan. Mutanen gari da yawa suna ganin abin ya fi haka, don ba kowace gawa aka ƙirga ba. A cikinsu akwai waɗanda 'yan tatsine suka yanka, akwai na hannun 'yan gora, akwai na harsashi da igwa, duk rami ɗaya ya haɗa su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a yanzu da na tsufa, shi ne abin da ya biyo baya, wanda a lokacin ban ɗauke shi komai ba. Da aiki ya ƙare, soja suka koma bariki. Waɗanda aka kama aka bar wa 'yan sanda da kotu. Gwamna yana nan a kujerarsa, Sarki Ado yana fadarsa, kasuwa ta ci gaba da ci. An kira su, sun zo, sun koma. Ki gwada wannan da abin da ya faru shekara uku bayan haka, ranar 31 ga Disamba 1983, da muka wayi gari da muryar Birgediya Sani Abacha a rediyo yana cewa an kifar da gwamnatin Shagari. Ran nan ba wanda ya kira su, kuma ba su koma ba sai 1999. Kaki ɗaya ne, bindiga ɗaya ce, amma fitowar biyu ba ɗaya ba ce.

Kuma igwa ba ta kashe cutar ba. Mabiyan da suka tsira suka watsu, a 1982 abin ya sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri da kuma Kaduna, a 1984 a Jimeta, a 1985 a Gombe. Na Jimeta ma a zamanin mulkin soja aka yi shi, kin ga ke nan zaman soja a kan mulki bai hana ba. Yaran da yunwa da rashin mafaɗi suka kora birni suna nan suna ta zuwa, wannan kuwa ba aikin da bindiga take iyawa ba ne.

Kada kuma in bar ki da zaton taimakon soja duk na harbi ne. A watan Satumba na 2024 da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye rabin Maiduguri, soja suna cikin waɗanda suka shiga da manyan motoci da jiragen ruwa suna kwaso mata da yara da tsofaffi daga kan rufin gidaje. Suna da kayan aiki, suna da horo, suna iya tashi cikin dare ɗaya. Irin wannan fitowa ba mai kuka da ita. Wadda nake jin tsoro ita ce ta cikin unguwa, inda abokin gaba da maƙwabci suke sanye da riga iri ɗaya.

Amaryar nan ta gidan suna, da aka watse na ja ta gefe na ba ta labarin nan a gajarce. Ta yi shiru, can ta ce, "To Hajiya, yaron fa, almajirin?" Na ce yana nan da ransa. Bayan an kwana biyu Baba ya sa shi a mota ya koma garinsu wajen iyayensa, da kayan makarantar Yaya a jikinsa, don ya ƙi cirewa. Muka yi shekaru ba labari. Ina goyon ɗana na biyu, na je gida wuni, sai ga sallama a zaure, wani magidanci da gemunsa, ya sauke buhun gero da kaji biyu a ɗaure. Inna ta leƙo ta ce wane ne? Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Inna, ɗanki ne."